Kuskuren Wani, Sunan Yayana

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a cikin mutane ba a cika jin muryata ba. Amma gidan ya yi shiru da yawa, shi ya sa na rubuta.

Tun rasuwar innarmu mu biyu muka rage a unguwar masu yankan rake ta bayan garin Consuelo, ni da yayana Wilkin. Da wata ƙungiyar Amurka ta ɗauke shi makarantarta ta besbol, wasan buga ƙwallo da kulki, a garin Boca Chica, sai na koma girkin mutum ɗaya. Shekararsa ta biyu ke nan, kuma an gaya masa in bugunsa bai gyaru ba za a sallame shi. Ni dai buƙatata ɗaya: ko ya yi nasara ya ɗauke ni, ko ya dawo gida.

Ranar wasan ƙarshe na hau acaɓa da kwanon agade da soyayyen ƙwai, na zauna can gefen benci. 'Yan kallo ba su da yawa. Rana ta take.

Sau biyu yana shiga bugu ana fitar da shi. A na uku ya zabga wa ƙwallon kulki, ta tafi tana tsalle a ƙasa, ta daki safar hannun mai tsaron tsakiya ta suɓuce. Wilkin ya ruga ya taka zango na farko, inda mai bugu ke tsira, lafiya lau. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba.

"Yayana ne! Yayana ne!"

Wani dattijo mai sayar da gyaɗa, Don Fello suke ce masa, ya tuntsire da dariya.

"'Yata, zauna kada ki tsinke maƙogwaro a banza. Dubi allo."

A allon sakamako an kunna harafin E, alamar kuskure.

"Ai ya isa, Baba," na ce a hankali.

"Ƙafarsa ta isa, sunansa bai isa ba. Kuskuren wancan mai hannun man shanu ne. Mai rubuta sakamako zai ƙirga ya shiga bugu, amma ba zai ba shi ladan bugu ba. A lissafi daidai yake da wanda aka fitar."

"To in da ƙarfin bugun ne ya sa ta suɓuce fa?"

"Sai ki hau sama ki gaya wa mai alƙalamin. Ga gyaɗa, kyauta, ki huce."

Na zauna da gyaɗar a hannu. Daga nan har aka tashi ban ƙara ɗaga kai sosai ba. Wilkin ya zagayo zangunan duka har inda ya fara, ya ci wa ƙungiyarsu maki, abokansa suna dukan hularsa, shi ko murmushi bai yi ba.

Na jira shi a bakin ƙofar makarantar har la'asar. Ya fito da jakarsa, babbar, wadda ya tafi da ita daga gida.

"Auta, ashe kina da murya? Har shanun garin Higüey sun ji ki."

"Yaya, an sallame ka?"

"Sun ce na yi ƙoƙari." Ya buɗe kwanon ya ci da hannu a tsaye. "Gishiri ya yi yawa, kamar kullum."

"Mu je gida, na wanke maka zanen gado."

Ya daɗe yana kallon titi.

"Da wace fuska, Yuleisi? Duk unguwa sun raka ni da ganga. Akwai abokina mai wankin mota a Los Mina, can babban birni. Zan kira ki."

Ya dafa kaina, ya tsayar da motar haya ya shiga. Abin da ya fi damuna shi ne, na gan shi da idona tsaye a kan zangon nan, ƙura a gwiwarsa, amma duk wanda zai duba sunansa nan gaba zai ga kamar bai taɓa zuwa wurin ba.

Na dawo gida ni kaɗai. Maƙwabciyarmu Doña Chicha ta leƙo ta katanga.

"Ya aka yi, 'yar nan? Zakaranmu ya buga?"

"Ya isa zango," na ce, na shige ɗaki.

Washegari da sassafe na miƙa wa Doña Chicha kajina da makullin ɗaki, na tambaye ta motar da ke zuwa Los Mina. Ban taɓa shiga babban birni ba. Na tsaya a bakin hanya ina maimaita sunan unguwar, don kada muryata ta maƙale in yaron mota ya tambaye ni.