Hanyar Sarauniya

Yayana Belmiro sana'arsa jijjiga mutane. A talla dai an rubuta yawon buɗe ido na yini guda, kai kaɗai da iyalinka a cikin jif, a kai ka fadojin Sintra a sauko da kai bakin teku. Amma ni Graciete da nake zama a gefensa ina yi masa tafinta, na san abin da ake saye. Mutum zai baro ƙasarsa inda titi yake sumul, ya biya kuɗi masu kauri don a buga ƙugunsa da ƙarfen kujera, ya sauka yana ɗingishi yana godiya.

Matsalar ita ce ramuka sun yi wuya. Duk hanyar da Belmiro ya saba bi, sai ya wayi gari an malala mata kwalta. Guda ɗaya ta rage masa, wadda ta taso daga ƙauyenmu, Casal do Corvo, ta gangara zuwa gidan mahaifiyarmu a gindin tudun da ke kallon teku. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya shimfiɗa duwatsunta ina ƙarama, lokacin da maƙwabcinmu Firmino ya rushe garken aladunsa ya ce mai son dutse ya kwasa. A baro ya riƙa turo su, Mama na biye da shi tana faɗa.

Yanzu Mama, Dona Custódia, ƙugu ya hana ta sakat. Akwai motar da ke zagaya tsofaffi kullum da abinci da mai duba lafiya, amma direbanta ya shiga hanyarmu sau ɗaya ya rantse ba zai ƙara ba. Likita kuwa ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: ko motar ta riƙa zuwa, ko Mama ta koma gidan tsofaffi. Na yi ta sintiri ofis-ofis har masu gadi suka haddace sunana, daga ƙarshe aka yi alkawarin kwalta kafin ruwan hunturu, don mu a nan da sanyi muke damina. Ranar na yi kukan murna. Belmiro ma ya ce ya yi murna, sai dai fuskarsa ba ta samu labari ba.

Baƙinmu na wannan rana Turawan Ingila ne, Madam Harriet da mijinta Mista Dunstan. Sun sayi gida a bayan dutse, kuma tun kafin mu bar ƙofar otal ɗin da muka haɗu matar ta sanar da ni cewa tana cikin wata ƙungiya ta baƙi mazauna ƙasa masu kare kayan tarihi. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Duk Baturen da ya yi hunturu biyu a nan sai ya fara kare mu daga kanmu. Mijin kuwa tun da ya ce barka da asuba bai sake buɗe baki ba, hularsa kawai yake dafewa.

Muka hau zuwa Fadar Pena muka tarar hazo ya riga mu. Ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka a layi da wani yanki na bango rawaya. Belmiro ko a jikinsa.

"Ce musu sun taki sa'a," ya ce mini. "Sarki saboda hazon ya gina ta a nan. Masu zuwa da rana bango kawai suke gani."

"Jiya da ake rana me ka ce wa 'yan Brazil?"

"Jiya jiya ce. Fassara kike ko alƙalanci?"

Na fassara. Madam Harriet ta lumshe ido ta shaƙi hazo, ta ce ai ta ji hakan a jikinta. Muka leƙa wata fadar ta cikin gari, muka saya musu kek ɗin cuku suka ci a tsaye, sannan muka nufi Cabo da Roca, tsinin dutsen da ya kutsa cikin teku, inda iska ta nemi raba Mista Dunstan da hularsa. Daga nan Belmiro ya kai su wurin sirrinsa, wanda ya ce 'yan ƙasa kaɗai suka sani. Da kyar muka samu inda za mu ajiye mota, don 'yan ƙasar duk sun zo da jif-jif ɗinsu da nasu Turawan.

Na lura matar ta fara yamutsa fuska. Shi ma ya lura, shi ya sa da muka karya kwana muka shiga hanyar Mama ya ƙudurta sai ya fanshe. Belmiro ya san kowane rami a hanyar nan, ya san kuma yadda ake kauce masa, don in Mama ya ɗauko ko ruwa a kofi ba ya zubewa. In baƙi ne kuwa, ɗaya bayan ɗaya yake bin su yana gaisawa. Madam Harriet ta riƙe ƙarfe tana dariya, mijin ya saki hula ya kama ƙugu.

"Ce musu Hanyar Sarauniya ke nan."

"Belmiro, yau dai ka bari."

"Ta nan take bi a kan jaki ta je wanka a teku a ɓoye. Faɗa musu mana."

Wannan labari a gabana ya girma. Da farko jakin wani limamin coci ne. Da abokan sana'a suka fara ƙwace masa baƙi sai limamin ya koma gimbiya, bara kuma aka yi mata ƙarin girma. Ban taɓa ganin illarsa ba, don masu saurare ba sa kai shi ko filin jirgi. Na fassara musu da muryar da nake karanta sunayen abinci da ita.

Sai matar ta ce a tsaya. Ta sauka ta durƙusa a tsakiyar hanya da farin wandonta, tana shafa duwatsu. Can a gefe ta hango wani dogon dutse mai rami a tsakiya, ta kira mijinta ya zo ya ga inda dabbobin sarauniya ke shan ruwa. Komin aladun Firmino ne. Baba ya jawo shi har nan ya gaji ya bar shi.

"Ka ga abin da ka jawo?" na ce.

"Na jawo tukuici," in ji shi, yana murmushi yana gyaɗa mata kai.

Kafin mu isa gida ya danna hon, alamar da suka shirya da Mama: ta kashe talabijin, ta ture wayarta ƙarƙashin matashi, ta fito bakin ƙofa ta zauna. Baƙaƙen kaya dai tun rasuwar Baba take sa su, ba don kowa ba, amma Belmiro ya haɗa da su a cikin farashi. Muka same ta da kwandon ɓaure a cinya, rai a ɓace, don an katse mata wasan da take bi ana dab da tona asirin wani miji.

Madam Harriet ta kama hannunta biyu ta riƙe. Ta ce in tambaye ta ko kakanninta sun ba ta labarin sarauniya.

"Wace sarauniya kuma?" Mama ta dube ni.

"Ta ɗanki. Wai ita ta bi hanyar nan a kan jaki."

"Jaki ɗaya na san ya bi hanyar nan, ga shi can tsaye da makullin mota. Ce mata mijina Horácio ne ya jera duwatsun nan, daga garken aladun Firmino. Ni na riƙa shafa masa man zafi a baya."

Belmiro ya harare ni. Na kau da kai na fassara tsaf, ban rage ko aladun ba, har na ji daɗi a raina. Matar ta saurara da kai a karkace, idonta ya kawo ruwa. Ta ce mini a hankali, wai kada Mama ta ji, haka tsofaffi suke, abin da suka gada sai su ɗauka a gabansu aka yi. Wataƙila mijin nata gyara kawai ya yi. Ta ce ita ta ga irin wannan shimfiɗa a littattafai.

"Me take cewa?"

"Wai kin rikice, Mama."

"Na gode mata. Ba ta ɓaure ta ci." Mama ta gyara zama. "Ce mata kuma ta dawo baɗi da mota mai kyau, ba wannan akwalar ba. Za ta tarar da kwalta har bakin ƙofar nan, ni kuma ina ciki ina cin abincin da aka kawo mini da zafinsa."

Da alfahari ta faɗa, ni ma da alfahari na fassara. Madam Harriet ta saki hannun Mama. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske kwalta za a zuba a kan wannan hanya, na ce ƙwarai kuwa, ni ma na yi wahalar nemo ta. Ta dube ni kamar na ce zan yanka jariri. Duk hanyar komawa ba ta ƙara dariya ba, hotuna kawai take dubawa a waya. Da za mu rabu ta rungume Belmiro ta ce kada ya damu, ba za ta bari a taɓa masa hanyarsa ba. Wannan ma ni na fassara, kuma a nan ne na gane mun ɗebo ruwan dafa kanmu.

Ba a yi nisa ba hoton Mama da Madam Harriet ta ɗauka ya bazu a duniya, ga baƙaƙen kaya ga kwandon ɓaure, an rubuta a ƙasa cewa ita ce mai gadin Hanyar Sarauniya ta ƙarshe. Dubban mutanen da ba su san inda Casal do Corvo yake ba suka sa hannu a ceci hanyar. Na koma ofisoshin da na saba, na ce musu komin aladu ne. Suka ce su ma sun fi zaton haka, amma tunda magana ta shiga jarida sai masana sun duba, masanan kuma suna da aiki a gabansu. Na ja Firmino da sandarsa ya je ya ba da shaida, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka ce za a neme shi. Belmiro da kansa ya je ya ce shi ya ƙirƙiro labarin. Aka ce masa ai direba ne shi, ba masanin tarihi ba, ba shi da hurumin cewa labari ƙarya ne.

Aka dakatar da kwalta. Kwana kaɗan bayan haka aka zo aka kafa turakun ƙarfe a bakin hanya, da allo mai harsuna uku: an hana kowace irin mota shiga, don kada a lalata duwatsu. Belmiro ya tsaya gaban allon nan ya karanta na harshenmu, ya sa na karanta masa na Turanci ko da sauƙi a ciki. Babu.

Ruwan hunturu ya sauko, gidan tsofaffi suka ce ɗaki ya samu. Mama ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta naɗe kayanta da kanta, ta ba maƙwabciya kajinta, ta tsaya ta daɗe tana kallon teku ta tagar kicin. Tunda mota ba ta isa ƙofa, sai muka ɗora ta a kujerarta ta katako, Belmiro a gaba ni a baya, muka kama hawa.

Muna tsakiyar tudu muka ci karo da ayarin baƙi a ƙafa, da sanduna da rigunan ruwa, wata matashiya mai ɗauke da tuta tana jagorantarsu. Yanzu yawon ƙafa ake sayarwa a hanyar, kuma na ji ya fi na jif tsada. Suna ganinmu suka dare gefe suka ɗaga wayoyi. Na ji yarinyar tana gaya musu da Turanci cewa sun taki sa'a, wannan tsohuwar al'ada ce ta mutanen yankin, haka suke ɗaukar iyayensu mata don tunawa da sarauniya.

"Me take cewa, Graciete?" Belmiro ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Na daina tafinta."

Ya ci gaba da hawa. Ina ganin bayan wuyansa ya yi ja, ruwa na bin sa, ban san ko na sama ne kaɗai ba. Muka zo daidai komin, ƙafarsa ta zame, kujera ta karkata, baƙin suka ja numfashi. Mama ta dafa kansa ta daidaita zamanta.

"Taka a hankali, ɗana," ta ce. "Ba ni nake ji ba, ni an gama da ni. Kada ka fasa wa sarauniya dutse."