Mutanen Cikin Cediya

Da Ungozoma ta dawo daga asibiti, sai ta tarar da wani mai saran itace a tsakar gidansu yana zuba wa injinsa mai. Ƙanenta, malamin jami'a wanda kowa ke kira Dakta, yana nuna masa cediyar da saiwarta ta tsaga katanga. A nan yake son kafa wa motarsa rumfa.

Inna, mahaifiyarsu, ba ta hana sara ba. Roƙonta ɗaya ne, a jira rana ta faɗi. Ta ce akwai waɗanda ke zaune a cikin itacen tun ba a aza tubalin gidan ba, kuma ba a tashin maƙwabci sai an yi masa sallama, an zuba masa ruwa, an nuna masa inda zai koma. In aka sare haka kawai, ita ma ta gama kwana a gidan.

"Inna, bawan Allahn nan yana da wani aiki da yamma," in ji Dakta. "Kuma wannan ai camfi ne."

Ungozoma ta ajiye jakarta. Ita ba ta taɓa ganin kowa a cediyar ba sai jemagu. Abin da ya ƙona mata rai shi ne, da irin wannan camfin Dakta ke cin abinci. Ya sha ƙetare teku don ya zauna da mutanen da ke kiran kogi kakansu, da maharban da ke neman gafarar dabba kafin su feɗe ta. Ya rubuta littafi a kansu mai kaurin bulo, yana faɗa wa ɗalibai cewa duniya ta lalace ne don an daina sauraron irinsu.

"Auta," ta ce, don ta san ya tsani sunan, "na mutanen ƙetare hikima, na uwarka camfi?"

"Yaya, wancan bincike ne."

"To bincika wannan mana. Ko sai an hau jirgi ake ganin aljani?"

Mai sara ya yi tari, ya ce shi fa bai ƙi dawowa gobe ba.

"Malam, yi abin da ya kawo ka," in ji Dakta.

Injin ya ɗauka. Kafin la'asar inuwar da aka yaye su duka a ƙarƙashinta ta zama tulin itacen girki. Inna ta fito da kofin ruwa, ta durƙusa gaban kututturen, tana ba mutanen cikin cediyar haƙuri ƙasa-ƙasa, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Dakta ya kasa kunne. Idonsa ya yi haske. Ya zaro waya don ya naɗi muryarta, ya matso.

"Inna, ashe sunaye gare su? Ɗan maimaita a hankali, ban kama na farkon ba."

Ungozoma ta dube shi har sai da ya sauke hannu. Inna ba ta ko waiwayo ba. Ta shiga ɗaki, ta ƙulle zannuwanta da maganin hawan jininta a ɗankwali.

"Ina kuma za ki?" in ji shi. "Ɗakinki fa ba a taɓa ba."

Ungozoma ta karɓi ƙullin, ta riƙe mata hannu suka tsallake rassan, suka fita neman mota zuwa gidan ƙanwar Inna.