Waƙa Ta Huɗu

Shekara goma sha tara Mai Kunne yana yanke wa waƙoƙi hukunci a gidan rediyo, kowace Asabar da hantsi, kuma tun farko da dokarsa ya zo: kada a gaya masa sunan mawaƙi sai ya gama faɗin ra'ayinsa. Mai haɗa sauti ne ke cire sunaye ya sa lamba, ɗaya zuwa biyar, wai don kada sanayya ta toshe masa kunne. Da wannan doka yake tinƙaho, har ya ishi mutane da labarinta.

Asabar ɗin nan a gajiye ya shigo. Gaskiya ma ya daɗe da gajiya. Waƙoƙin yanzu duk ɗaya suke a kunnensa, kiɗa ɗaya, murya ɗaya da na'ura ta goge tas kamar kwanon da aka wanke. Ta farko ya ce ba laifi. Ta biyu ya ce kiɗan wani tsohon faifai aka sato, aka kuma ɓata shi. Ta uku hamma ya yi mata. Da aka saki ta huɗu, ko minti ɗaya bai bari ta yi ba ya ɗaga hannu a tsaya.

"Masu sauraro, baiwar Allahn nan ta nemi wata sana'a. Numfashinta ba ya kai ƙarshen baiti, na'ura ce ke tallabe da ita. A zamaninmu ko amshi ba za a ba ta ba."

Ta cikin gilashi ya ga mai haɗa sauti ya dafe kai. Bayan talla aka miƙo takardar sunaye kamar kullum. Lamba ta huɗu sunan autarsa ne, wadda ke koyarwa a makarantar yara, wadda shekara guda ke nan take dawowa gida da yamma liƙis tana cewa darasi ne ya riƙe ta. Ya karanta sunan kai tsaye a rediyo tare da sauran, don haka tsarin shirin yake. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar, don yarinyar nan in ta rufe bakinta sai a yi wata ba a ji cikinta ba.

Duk hanyar gida yana shirya hujjoji. A matakalar bene suka fara zubewa, kafin ya kai hawa na uku babu ko ɗaya a hannunsa.

Matarsa na ninke kayan wanki a falo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tana ɗaki. Ni ba ruwana, kai da kunnenka."

Ya tarar da ita zaune a ƙasa, littattafan ɗalibai jibge a gabanta, jan biro a hannu.

"Auta, sannu da aiki."

"Sannu da zuwa, Baba."

"Ai da kin gaya mini."

"Da na gaya maka cewa za ka yi ta yi daɗi. Shi ya sa na bi layi kamar kowa."

Ya zauna bakin gado, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Mako mai zuwa zan sake saka ta. Zan ce na yi gaggawa. Numfashi ai ana gyara shi, kuma a baiti na biyu akwai wani wuri da kika..."

"Ba ka kai baiti na biyu ba, Baba."

Haka ne kuwa.

Ta ja layi ƙarƙashin wata kalma, sannan ta ajiye biron. "Maganar numfashi na sani. Mai ɗaukar waƙar ya faɗa mini ya fi sau goma, ba ita ta dame ni ba. Ni da Mama muka zauna gaban rediyo, na ce mata ki saurara, layin farko zai gane ni, za ki ji ya rikice. Tun kafin a fara muke dariya."

"Na'urar ce, 'yata. Canza murya take yi, kowa sai ya koma..."

"Mai shagon ƙasan benenmu ya gane. Da kansa ya hawo ya buga ƙofa, ya ce ba muryarki ba ce a rediyo? Shi da gaisuwa kawai ke haɗa mu."

Abin ya soke shi sosai. Ya tsaya yana laluben ranar ƙarshe da ya saurari yarinyar nan har ta kai ƙarshen maganarta ba tare da hankalinsa na kan wani faifai ba, bai samo ba.

"To ki rera mini yanzu," ya ce a hankali. "Ba na'ura, ba kiɗa. Har ƙarshe zan ji."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai irin tasa.

"Bari in gama littattafan nan, Baba. Saura talatin."

Ya gyara zama yana jira. Ta ɗauki biro, ta buɗe na gaba.