Ɗaya Dama, Ɗaya Hagu

Duk unguwar ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Jiniya ake ce masa, domin ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar asibiti, kuma da ya ajiye aikin bai ajiye saurin ba. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙona harshe, ya zagi kofi. In aka je gaisuwa, kafin masu gida su gama “ya hanya” ya fara laluben takalmi. Ko farcen babban yatsansa na dama shaida ne: wata rana ya rufe ƙofar mota kafin ya gama fitar da hannunsa, tun daga nan farcen yake fitowa a tsage gida biyu. Matarsa ta faɗa masa sauri ya haifi nawa har bakinta ya gaji. Hali zanen dutse.

Ɗansu na ƙarshe, Auta, kuku ne a jirgin ruwa na dakon kaya, irin wanda in ya bar gaɓa sai a yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ne ya aiko wa tsohon da wani kwali. A ciki akwai siraran katakai, zare, fil, kwalbar gam, farin ƙyalle, da hoton wani jirgin zamanin da, wanda iska ke turawa. Wai duk wannan tarkacen in an haɗa shi zai zama jirgin da ke hoton, tsawonsa kamu ɗaya.

Da Auta ya samu layi ya bugo waya.

“Baba, na san ka fa. Wannan ba a yi masa jiniya. In ka liƙa katako ɗaya a dama, ka liƙa ɗaya a hagu, ka bari su bushe. In ka cika gefe ɗaya, zai ja ƙashin bayan jirgin ya karkace.”

“Ni za ka koya wa aiki? Ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi.”

Auta ya yi dariya. “To shi ke nan. Kafin ka gama shi na dawo gida.”

Cikin maganar duka, wannan ta ƙarshen ce kawai ta zauna a kunnen tsohon. Yana kewar yaron nan, kewar da ba zai iya faɗa wa ko matarsa ba. In dai gama jirgi ne zai dawo da Auta, to ai kuwa za a gama jirgi.

Ya kafa aiki a ɗakin Auta, kan teburin karatunsa da ke jikin taga. Ya haɗa ƙashin baya, ya jera haƙarƙarin jirgin a kai, abin har ya ba shi sha'awa. Katakan jiki kuma sai an jiƙa su a ruwan zafi su yi laushi kafin a lanƙwasa. Baba Jiniya kan tsoma su ya cire, kamar mai taɓa miya ya ji gishiri, don haka wasu suka karye a hannunsa. Juya jirgi dama da hagu kuwa ya ga ɓata lokaci ne. Ya zauna a gefen dama ya rufe shi tas, ya bar hagu haƙarƙari a waje.

Da safe ya tarar jirgin ya sunkuya gefe kamar mai ciwon wuya. Kuma akwai ruwa a cikinsa, kamar cikin cokali.

“Ruwan da kake jiƙa katako ne,” in ji Maman Auta, tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya.

Ya goge da tsumma. Washegari ruwan ya dawo, har ya fi na jiya. Ya duba rufin ɗaki, a bushe yake. Ya dangwali ruwan ya kai baki. Gishiri ne, mai ɗaci, da wani ƙarni da bai taɓa ji a ruwan gidansa ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma bai ce wa kowa komai ba.

Ranan nan Auta ya sake bugowa, muryar tana yankewa.

“Lafiya lau muke, Baba. Sai dai jirgin namu ya ɗan karkata, injiniyoyi sun rasa dalili. In na ɗora tukunya, miyar duk gefe ɗaya take taruwa.”

“Wane gefe?”

“Dama. Me ya sa ka tambaya?”

Baba Jiniya ya kalli jirgin da ke kan tebur. “Naku ai na ƙarfe ne, ko?”

“Ƙarfe mana. Baba, lafiya? Yaya aikin naka?”

Layin ya katse kafin ya samu ƙaryar da zai yi.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a lokacin da yake gudu da marasa lafiya a bayansa. Ya yi tunanin ɓamɓare katakan daman ya sake daga farko, har ya sa bakin wuƙa a ƙarƙashin na farko, sai ya tsaya. In ya buɗe wannan gefen, me zai buɗe a can? Ya ajiye wuƙar a hankali.

Ya koma gefen hagu. Karo na farko a rayuwarsa ya jiƙa katako ya zauna yana kallonsa har ya yi laushi. Ya liƙa, ya danne da fil, ya jira. Maman Auta ta leƙo ta gan shi zaune hannu a cinya, ta ce, “Ikon Allah! Baban Auta, ko ba ka da lafiya ne?” Ya ɗauko wani katakon ya jiƙa. A hankali sababbin katakan suka riƙa jan jirgin yana miƙewa. Amma waɗanda ya karya sun karye, kwalin kuma bai zo da rara ba. Da ya liƙa na ƙarshe, sai ga rami ya rage a can ƙasa, kusa da ƙashin baya, faɗin farce.

Ta nan ruwan ya fara shiga da rana tsaka, yana kallo. Jirgin na zaune kan busasshen tebur, babu ko ɗigo a waje, amma a ciki ruwa na tsartuwa ta ramin yana hawa. Ya kira lambar Auta, ba ta shiga. Ya sake kira. Ya jefar da wayar kan kujerar falo ya dawo da gudu, ya zazzage aljihun teburin, ya samu tsohuwar rular katako ta makarantar Auta, duk yaron ya tattaune gefenta. Ya fere ɗan guntu, ya shafa gam, ya cusa. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Guntun ya fito. Ya mayar, ya danne da babban yatsansa, sai ruwan ya tsaya.

Ya ɗan sassauta don ya gani. Ruwan ya dawo da ƙarfi. Ya sake dannewa.

Sanyi ya fara shiga yatsan, ya bi ta wuyan hannu har gwiwar hannu, sanyin da ba na ƙasar nan ba. Hannun rigarsa ya jiƙe. Wani abu yana turo yatsan daga waje, nauyi mai zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa. Kofin shayin da ke gefe bai motsa ba, amma shayin ciki yana lilo. A titi mai sayar da gawayi yana ta kiran kasuwarsa, yara suna dawowa daga makaranta, rana fes a kan labule. Shi kuma yana jin ƙarar ƙarfe tana nishi a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Mutumin da bai taɓa jiran fitilar hanya ta ba shi hannu ba, ga shi tsaye wuri ɗaya har inuwar taga ta bar tebur ta hau bango.

Waya ta yi ƙara a falo.

“Maman Auta! Ɗauki!”

“Kai da ke rige kowa ɗauka?”

“Ki ɗauka na ce, don Allah!”

Ya ji takunta, ya ji ta yi sallama, ya ji ta ce, “Auta? Ɗaga murya, ba na jin ka.” Sai ga ta a bakin ƙofa, wayar a manne da kunne, fuskarta ta sauya. Ta kalli jirgin, ta kalli ruwan da ke ɗiga daga gwiwar hannun mijinta zuwa siminti.

“Ya ce jirginsu ya tsage ta ƙasa,” ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. “Ruwa ya kai musu gwiwa a ɗakin ajiyar abinci, sai kuma ya tsaya haka kawai. Shi aka tura da tocila ya dubo.”

“Yana nan lafiya?”

“Ya ce ya haska tsagar.” Ta kalli yatsan da ke kan ramin. “Ya ce ya gane farcen.”

Baba Jiniya bai ɗago ba. Daga cikin wayar yana iya jiyo muryar ɗansa, ƙarama, tana maimaita magana ɗaya.

“Me yake cewa?”

“Ya ce kada ka saki. Suna hango fitilun gaɓa, amma da sauran tafiya. Ya ce, Baba, wannan karon kada ka yi sauri.”

Hawaye suka zubo wa tsohon, ba shi da hannun sharewa, don na hagun ma yana tallafe da jirgin. Maman Auta ba ta tambaye shi komai ba. Ta ajiye wayar a kan tebur kusa da kunnensa, ta jawo kujera ta zauna, ta sa tafukanta biyu ƙarƙashin gwiwar hannunsa ta tokare.