Cokalin Malama Lidiya

Loma ta uku ce ta tsaya wa Malama Lidiya a wuya. Zulaihatu, wadda ke riƙe da wayar, ta ga idanun tsohuwar sun firfito, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, cokali ya suɓuce ya faɗa cikin faranti. Ba ta tsaya shawara ba ta juya wayar ta fuskanci bango, inda babu abin kallo sai tsohuwar kalanda da ƙusar rataye lema.

"Malama? Malama?" muryoyin yara suka taso daga cikin wayar.

"Sabis ne," in ji Zulaihatu da ƙarfi. "Sabis ɗin Kankara ne, kun san halinshi. Sai wata Asabar." Ta kashe.

Ta yi ta bubbuga bayan maƙwabciyarta har ƙwayoyin shinkafar suka dawo cikin tafin hannu, da ɗan jan abu a jikinsu. Malama ta dunƙule hannun da sauri, amma Zulaihatu ta riga ta gani.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ita ma damina ta cinye rabinta ba wanda ya damu ya gyara. Zulaihatu daga Mairuwa ta dawo Kankara bayan rasuwar maigidanta. Malama Lidiya kuwa 'yar wajen Pauwa ce, Kirista, ta shekara talatin tana koyar da Faransanci a sakandare kafin ta yi ritaya. Ba ta haihu ba. Tun watan azumi wani abu ya tsiro mata a maƙogwaro, aka je asibitin birni sau biyu, daga na biyun ta dawo da ledar magani da shiru mai yawa. Kunu kaɗai ke wuce mata yanzu, shi ma sai an tsinka shi.

Darasin na Asabar saboda Nana aka fara shi, jikar Zulaihatu. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a ƙasar Sabuwa, yarinyar ta yini kwance cikin gonar dawa, hannun ubanta a kan bakinta. Ubanta Salihu ya kwashe iyalinsa suka koma Maraɗi, inda makaranta da Faransanci ake yi. To amma ba makarantar ce babbar damuwa ba. Nana ta daina magana sai kaɗan, ta kuma daina cin abinci. An yi rubutu, an yi maganin ƙarin jini, an yi lallashi, an yi tsawa, yarinya sai zubewa take, 'yar shekara shida kamar 'yar huɗu.

Malama ce ta ce a haɗa ta da ita a waya. Ta zauna da shuɗin farantinta na tangaran, ta ɗaga burodi ta ce, "Le pain," ta gutsura ta tauna tana lumshe ido kamar wadda ba ta taɓa cin abu mai daɗi irinsa ba. A can Maraɗi, Nana ta miƙa hannu. Tun daga nan abin ya zama ƙa'ida. Ran Juma'a Malama za ta aika da sunan abin da za a dafa, Mansura uwar Nana, ɗiyar Zulaihatu, ta dafa irinsa, ran Asabar bayan la'asar yara biyar na masu gudun hijira su jeru a tabarma. Malama ta ɗaga, ta faɗi sunan, ta ci, sannan yara su faɗa su ci. Abin da Nana ta ga an ci ran Asabar, shi za ta riƙa nema duk mako, da sunansa na Faransanci. Abin da ba ta ga ya shiga bakin Malama ba, ko yanka ta za a yi ba za ta taɓa shi ba.

"Zulai," in ji Malama da muryarta ta dawo, a dishe. "Wuyan nan ya gama aiki. Asabar mai zuwa ke za ki zauna gaban waya ki ci. Ni in riƙe, in riƙa hwaɗin sunayen daga baya."

"Ni?" Zulaihatu ta dafe ƙirji. "Malama, kin kau san wanda ke riƙe masu waya can?"

"Salihu ne."

"To! A gaban Baban Nana zan buɗe baki in sa loma? In tauna yana kallo? Haba Malama. Ai gara ƙasa ta tsage in shige."

Kada a ga laifinta da sauri. Zulaihatu irin matan da can ce, waɗanda suruki bai san suna da haƙora ba. Shekara tara da auren Mansura, Salihu bai taɓa ganin ko ɓarin goro a bakinta ba. Akwai ranar da ya yi sallama tana cikin cin gyaɗa, ta ajiye ta a kumatu har ya gama gaisuwa, ya tambayi gona, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin hanya, ita dai sai "uhm" take daga bayan labule. Ko wannan riƙon waya da take yi, ta yarda ne don tana bayanta, ba a ganinta.

"A ba Mansura ta riƙe," ta ce.

"Kin hi ni sani, Nana ba ta zama sai bisa cinyar ubanta."

"To a samu wata ta ci. Ga matan cocinku nan."

"Ba ta san su ba. Ke ta sani, ni ta sani." Malama ta jingina da bango ta rufe ido. "Ba komai. In ba ki iyawa, ni zan ci. Amma ki rantse mani ba ki hwaɗa masu halin da nike ciki. Yaran nan sun ga abin da ya ishe su."

Zulaihatu ta rantse, ta tsallake katanga ta koma gida da nauyi a zuciya.

Makon nan ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Tana tankaɗe tana kasa kunne, tana alwala tana kasa kunne, da ta ji tari daga can sai ta saki abin da ke hannunta. Ran Litinin kunu ya daina wucewa. Ran Laraba Mansura ta kira.

"Inna, lahiyar Malama kau? Yarinyar nan hwa ta ce Malama ba ta cinye nata ba, ita ma ba ta ci. Yau kwana huɗu, sai ruwan shayi. Jiya ta tashi tsaye jiri ya kwashe ta."

"Lahiya lau take. Mura ce." Ƙaryar ta fito mata da ɗaci. "Ki dahwa shinkahwa da wake ran Asabar."

Da ta ajiye wayar sai ta zauna a bakin murhu ta rasa abin da ke mata daɗi. In Malama ta ci, wuyan nan ba zai bar ta ba, a gaban yara abin zai faru. In ba ta ci ba, Nana ce za ta ci gaba da zubewa a ƙasar mutane. Ita kuma ga ta a tsakiya da lafiyayyen maƙogwaro, abin da ya hana ta kawai idon mijin ɗiyarta. Ta ji haushin kanta ƙwarai, amma da ta kwatanta kanta tana tauna, Salihu na kallo, sai ta ga ba za ta iya ba.

Ran Asabar ita ta dafa, ta luguiguita waken har ya kusa zama fate, wai ko zai wuce. Ta yi wa Malama wanka, ta ɗaura mata ɗankwalin zuwa coci, ta shafa mata hoda don a rage zurmin kumatu, ta tokare ta da filo uku. Malama ta ce a ɗan matsar da kujera nesa da hasken taga.

Waya ta shiga. Ga yara a jere, kowa da kwanonsa. Ga Nana a cinyar ubanta, wuya kamar sillen kara, ido duk ya faɗa. Ana ganin rabin fuskar Salihu da hularsa a gefe.

"Bonjour, les enfants," in ji Malama.

"Bonjour, Malama!"

Ta ɗebi shinkafa. Ƙwayoyi suka riƙa zuba a zaninta. "Le riz," ta ce, yara suka amsa, ban da Nana, wadda ta kafe bakin Malama da ido. Cokalin ya taso a hankali. Zulaihatu ta ga tsohuwar ta haɗiyi yawu, ta ga yadda ko yawun ya sa ta runtse ido. Cokali ya kai leɓe.

Zulaihatu ita kanta ba ta san lokacin da ta yi ba. Ta dai ga hannunta ya cafke cokalin, ɗaya hannun ya danƙa wa Malama wayar, ta durƙusa a gaban kujera ta jawo farantin.

"Yau ni ce mai ci," ta ce, idonta a ƙasa. "Malama ta ce na cika rama."

"Kaka!" in ji Nana.

Aka ji motsi a can. "Inna, ina wuni," Salihu ya faɗa a daburce, yana ƙoƙarin durƙusawa da yarinya a cinya da waya a hannu, har hoton ya karkace aka ga rufin kwano. Da ya daidaita, sai ga shi ya juyar da kai gaba ɗaya ya fuskanci bango, ƙeyarsa kaɗai ake gani. Ashe shi ma kunyar ta kusa kashe shi.

"Le riz," muryar Malama ta fito daga bayan wayar.

Zulaihatu ta yi bisimilla ta sa lomar. Kunnuwanta suka yi zafi, shinkafar ta zama kamar tsakuwa, amma ta tauna, har ta lumshe ido yadda ta saba ganin ana yi. Da ta buɗe, Nana na kallonta.

"Le riz," in ji yarinyar a hankali, ta ɗauki nata cokalin.

"Les haricots."

Wake ya bi. Aka yi mai, aka yi gishiri, aka yi ruwa. Zulaihatu ta cinye farantin tas, Nana ta cinye rabin kwanonta ta ce, "Encore," wato a sake. Wayar na ta rawa a hannun Malama, kuma ba ciwo kaɗai ke girgiza ta ba, dariya take marar sauti, hawaye na wanke hodar.

Daga ranar Malama ba ta sake tashi zaune ba. Matan coci suka riƙa zuwa bi da bi, suna waƙa ƙasa-ƙasa a tsakar gida, Zulaihatu kuma na gefen gado da auduga da kofi tana jiƙa mata leɓe. Ran Alhamis da hantsi, ana jin masu babura na kiran fasinjan Faskari a bakin titi, Malama ta ja gefen mayafinta.

"Ki ɗauki hwarantin da cokalin," ta ce. Sai Zulaihatu ta kai kunne sannan ta ji. "Jibi ki sake shinkahwa da wake. Sun san su. Kada ki canza."

"Malama, ni ban iya sunayen ba."

"Wata takwas kina riƙe da waya, Zulai. Kunnenki ba toshe yake ba."

Wannan ce maganar Malama ta ƙarshe. Kafin azahar Fasto ya fito ya cire hularsa, matan suka daina waƙa. Washegari aka binne ta. Zulaihatu ta kira Salihu da kanta, karo na farko a rayuwarta, ta faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya tambaya ko a faɗa wa yaran.

"Ba yanzu ba," ta ce. "Bari Nana ta ƙara ƙwari."

Ran Asabar bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta, ta jingina wayar da turmi tunda babu mai riƙewa. Ta leƙa ta kan karyayyar katangar. An rufe ƙofar ɗakin Malama da kwaɗo, takalmanta na roba na nan a bakin ƙofa ba wanda ya ɗauke.

Waya ta yi ƙara. Ga yara, ga kwanoni, ga ƙeyar Salihu.

"Kaka, ina Malama?"

"Ta yi tahiya. Ta bar mani hwarantinta, kin gani?"

Ta ɗebi shinkafa ta ɗaga. Yara suka yi shiru suna jiran muryar da ke fitowa daga baya. Ita ma, Allah ya sani, sai da ta jira. Ba abin da ta ji sai kukan akuya a maƙwabta. Nana ta ajiye cokalinta a tabarma ta haɗe leɓe.

Ta gyara murya. "Le riz," ta ce. Ya fito da kaurin harshen Mairuwa, har wani yaro mai suna Adnan ya tuntsire da dariya.

Nana ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon shuɗin farantin, sannan ta kalli kakarta.

"Ba ki lumshe ido ba," ta ce.

Zulaihatu ta sa lomar a baki ta lumshe ido. Ta bar su a rufe, don ta san abin da zai zubo in ta buɗe. Tana tauna a hankali, ta ji ƙaramin cokali ya ƙwanƙwasa gefen kwano a Maraɗi.