A Dusashe Ni, A Bar Motar

Tunda Auta ta koyi dusashe bayan hoto a kwamfuta, babu wanda ya sake hutawa a shagon ɗaukar hoton da take aiki. Duk hoton da ya shigo hannunta, sai ta zagaye mutum da layi, ta bar shi tar, ta mayar da abin da ke bayansa dishi-dishi. Wai haka manyan masu kyamara suke yi. Ko kyanwar mai shago ba ta tsira ba.

Ana nan sai ga kawunta, tsohon direba, ya shigo riƙe da waya. Shekaranjiya aka sayar da bas ɗinsa ga masu saran ƙarfe, hoto ɗaya tak ya rage masa: shi tsaye a gabanta, ya dafa madubi.

"Auta, ki buga mini shi babba, a sa a firam. Bangon falo zai hau."

"Bar ni da shi, Kawu. Sai ka kasa gane kanka."

Ta kwashe hoton daga wayar, ta duƙufa. Gemun Kawu kaɗai ya ci mata awa guda, gashi ɗaya-ɗaya take bi. Ƙasar da ke kusa da takalminsa ta bar ta garau, can baya kuwa ta yi ta dusashewa har bas ta koma wani tulin shuɗi, kamar tawada ta sha ruwa.

Da Kawu ya dawo ya ga hoton, sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sake gogewa. Sannan ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Idon ya tafi. Ina ganin kaina, ba na ganin mota!"

"Idonka lafiya lau, Kawu. Ado ne, don ka fito sosai."

"Wa ya ce miki ni nake son gani? Ni ai ga ni nan, an gan ni har an gaji. Ina lotsewar ƙofa? Ina fitilar da na ɗaure da roba?"

Nan Auta ta tuna kwashe hoton ta yi daga wayarsa, ba ta bar masa kwafi ba. Motar kuwa ƙila yanzu ta zama tukwane. Ta shiga lalube, gumi na zuba, Kawu na tsaye a kanta yana salati. Da ƙyar ta tsinto na asalin a kwandon sharar kwamfuta. Wallahi saura kaɗan ta yi kuka.

Kawu ya shafa gilashin kwamfutar daidai lotsewar ƙofar. Ya ce, "Wato ke kike zaɓar wanda zai dusashe? To ni za ki dusashe. Na tare mata taya."

Ta yi magiya, ya ƙi. Haka aka buga shi: bas ta fito tar, da duk tsatsarta, a gabanta wani dogon abu mai hula.

Auta ce ta ɗauko masa firam ɗin har gida. Matar Kawu ta fito daga kicin tana goge hannu, ta daɗe tana kallo.

"Madalla, Auta, kin iya aiki. Wannan mijina ne sak. Haka muka saba ganinsa a gidan nan tun ina amarya."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da Kawu. Ya ajiye gudumar da ya ɗauko don kafa ƙusa, ya zauna a bakin kujera, bai dubi kowa ba.

"Auta," ya ce a hankali, "wancan na farkon, wanda na fito. Kin yar da shi?"