Kambun Bakin Belliappa

Duk garin Ammathi babu wanda ya kai Belliappa sanin rali, wato tseren motoci a hanyoyin daji, kuma babu wanda ya kai shi rashin sa'ar hasashe. Tambaye shi kowane direba a gasar duniya, zai gaya maka garin da aka haife shi, da irin tayar da yake so in an yi ruwa, da abin da ya haɗa shi faɗa da mai karanta masa hanya. Amma ranar da ya buɗe baki ya ce wane zai ci, to wane ya shiga uku.

Kullum da hantsi, in ya gama zagaya gonar gahawarsa, sai ya gangaro shagon shayin Moidu inda majalisa take. A nan ake raba wa direbobin duniya kamfanoni, a kori wannan a ɗauki wancan, a tsara wa hukumar tsere dokokin baɗi, duk a kan wani benci mai ɗingishi. Babu wanda ya taɓa taka Finland a cikinsu, amma in ka ji suna gardama a kan hanyoyinta sai ka rantse a can aka yanke musu cibiya.

A bencin nan Belliappa ya taɓa dukan ƙirji ya ce wani matashin Bature zai riƙe kambu har ya gaji. Ba a yi sati ba yaron ya zame a bayan gida ya karya hannu. Ya ce wani babban kamfani ba zai taɓa fita daga gasar ba, ko watan bai mutu ba suka naɗe tabarmarsu. Da aka zo maganar sababbin dokoki kuwa, duk abin da ya ce za a hana shi ake wajabtawa. Tun ana dariya har abin ya zama sana'a, musamman ga Machayya, abokinsa tun ƙuruciya, mutumin da ba ya raina ɓaraka.

"Yaya Belliappa, ka ga yaron nan na Faransa kuwa? Ai bana kambu nasa ne, ko ya ka gani?"

"Kai dai Machayya ba ka da kunya. Gwaninka an bar shi a baya a maki, shi ne kake so in yabi abokin karawarsa."

"Ni? Wallahi ra'ayinka kawai nake girmamawa. Moidu, ƙaro masa gahawa, ka cika madara."

Belliappa yakan yi tsaki ya ce duk camfi ne, mota da birki take tsayawa ba da bakin tsoho ba. Haka yake faɗa a waje, amma ta ciki na ciki. Tun ranar da 'yarsa Dechu ta fara riƙe sitiyari ya daina yi wa abin dariya a zuciyarsa.

Dechu ita kaɗai Allah ya ba su shi da matarsa Thangamma. A cinyarsa ta girma tana kallon tsere, a tsohuwar jif ɗinsa ta koyi tuƙi tsakanin layukan gahawa, tun ƙafarta ba ta kai totur sosai ba. Ya ga yadda take jin hanya a jikinta, ya ga hannun da Allah ya ba ta, amma ko sau ɗaya bai taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba. In ta sha kwana mai kyau sai ya kau da kai ya ce ciyawa ta yi yawa a gonar nan. Tsoro yake ji, ba wani abu ba.

To bana, da damina ta ɗauke, Dechu ta gyara wata ƙaramar mota ta sa sunanta a ralin da ke ratsa gonakinmu. Ran da aka ji labari Thangamma ta ajiye masa gurasar shinkafa a gabansa, ta tsaya a kansa.

"Ka ga bakin nan naka? Cin abinci kawai na yarda ya yi har a gama tseren nan."

Ya yi alkawari. Sai dai shiru a majalisar Moidu ba abu ne mai yiwuwa ba, don tun bai zauna ba Machayya ya tare shi.

"Yau ba ruwanmu da Turawa. Ta gida za ka gaya mana. Yaya ka ga Dechu?"

Moidu ya tsaya da butar shayi a sama. Belliappa ya yi ta juya abin a ransa, can dabara ta faɗo masa. In yabonsa ke kayar da mutum, ai kushensa kariya ne. Ya gyara zama ya ɓata rai.

"Wa? Yarinyar nan? Ko zangon farko ba za ta gama ba. Ba ta taka birki sai kwana ta zo mata hanci. Motar kuma gwangwani ce aka yi wa fenti."

Aka kwashe da shewa. Machayya ya miƙe ya ba shi hannu. "Kai, ka cika uba! Yanzu kam ko giwa ta tare hanya sai Dechu ta wuce."

Ya koma gida yana jin ya yi abin kai, kullum kuma sai ya ƙara sabon kushe don maganin ya yi ƙarfi. Ana jibi tsere ya tarar da Dechu a rumfar mota, hannunta duk baƙin mai. Appa take ce masa, wato Baba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Appa, na ji an ce gwangwani nake tuƙawa."

"Haba Dechu, ai kin san dalili."

"Na sani. Duk Ammathi an sani, shi ne ma abin da ya dame ni. Jiya mai sayar da taya ce mini ya yi in kwantar da hankalina, tsoho ya riga ya gama mini aiki. Ka ga ke nan in na gama tseren, ba ni na tuƙa ba, bakinka ne." Ta goge hannu ta dube shi. "Tun ina yarinya nake jira ka ce na iya. Ka yabi Bafaranshe, ka yabi ɗan Japan, har wanda ya faɗi a bayan gida ka yaba. Ni ce dai ban kai ba?"

"In na faɗa wani abu ya same ki fa?"

"To ya same ni ina sane da abin da ubana ke gani a kaina. Ranar tsere ka faɗi gaskiyarka a gaban mutane, ko kuma ka yi zamanka a gida."

Gaba kura, baya sayaki. Belliappa, mai raba wa kamfanonin duniya direbobi ko gezau, ya sunkuyar da kai ya fice daga gaban 'yar cikinsa. Maganar ta yi masa ciwo, don ya san gaskiya ta faɗa.

Ranar tsere filin tashi ya cika. Motoci sun jeru, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya. Thangamma ta durƙusa ta sa lemun tsami a ƙarƙashin kowace taya, yadda muke yi wa mota don ta take mugun ido ta wuce. Dechu na ciki da hular kwano, ƙawarta mai karanta mata hanya na gefe. Ta leƙo ta taga ta kafe uban da ido.

Belliappa ya matso gaban motar. Ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

"Ku saurara! Duk abin da na faɗa a shagon Moidu tsoro ne. Yarinyar nan ta iya mota fiye da duk wanda na taɓa gani da idona, kuma za ta gama tseren nan!"

Machayya ya ɗora hannu a ka. Wata tsohuwa ta yi salati irin nata. Thangamma ba ta tsaya faɗa ba, jakarta ta zazzage, duk lemun da ya rage ta tura ƙarƙashin motar. Dechu kuwa murmushi ta yi ta sa giya, ta bar su da ƙura da ƙanshin lemo.

Su Belliappa suka yanke ta cikin gona zuwa kwanar da ke ƙasan rafi, inda 'yan kallo suka fi taruwa saboda a nan ake shan kallo. Belliappa bai san matsattsaku sun hau masa ƙafa ba, kunnensa na kan tudu. Motoci suka yi ta wucewa. Can ya ji kukan injin da ya sani, ga ta nan ta gangaro da gudu. Zuciyarsa ta ce taka yanzu, taka yanzu. Ba ta taka ba sai da kwana ta zo mata hanci. Motar ta juya gindi, ta sulale, ta zauna daram a cikin taɓon gefen hanya.

Duk idon da ke wurin ya juyo kan Belliappa.

Bai ma gan su ba. Tsohon da ke kukan ciwon baya kullum ya dira cikin taɓon har gwiwa, ya kai ga taga yana haki. "Dechu! Ni ne, ni na ja miki!"

"Appa, wane kai? Lafiyarmu ƙalau. Ni ce ban taka birki da wuri ba, yadda ka faɗa a shagon Moidu. Yau dai ka canka daidai! Ku tura mu, lokaci na tafiya!"

A rali in mota ta faɗa rami, 'yan kallo ne ke fid da ita, ko ta maƙiyinka ce. Samari suka zubo, Machayya ma ya tattare zanensa ya shigo. Belliappa ya kafa kafaɗa a bayan motar, taya na watsa masa laka a fuska, ya buɗe baki iya ƙarfinsa.

"Za ki gama! Na ce za ki gama!"

"Don Allah Yaya yi shiru mu fitar da ita tukuna!" in ji Machayya.

"Ba zan yi ba! Babu kamarta!"

Motar ta yi tsalle ta hau hanya ta ɓace a bayan itatuwa.

Da la'asar Dechu ta shigo filin ƙarshe, gefe ɗaya na motar a lotse, fitila guda a fashe. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ta bar maza da yawa a daji suna jiran igiyar da za a ja motocinsu. Machayya ya zo yana girgiza kai, wai an lalata masa baki mai amfani, yanzu wa zai riƙa kayar masa da Bafaranshe?

Belliappa bai kula shi ba. Yana tsaye da busasshiyar laka har gira, ya rasa inda zai sa hannunsa. Dechu ta cire hular kwano, ta karɓo gahawa kofi biyu, ta ja shi suka zauna a kan wata tsohuwar taya.

"To Appa, ka ga ban mutu ba. Ci gaba."

"Da me?"

"Da abin da ka fara da safe. Ka faro tun daga jif."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya faro daga ranar da ta fara shan kwanar bakin rijiya, ranar da ya ce mata ciyawa ta yi yawa, ya gaya mata abin da ya so faɗa a lokacin. Gahawarsu ta huce, aka fara kwashe rumfuna, Thangamma ta zo kiransu har ta gaji ta zauna ita ma, shi kuwa ko rabi bai kai ba.